Wane lensi mai jawo nesa ya dace da Canon 700D?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Aboabo, Kumasi: "Assalamu alaikum. Ina da kyamara Canon 700D ta hannu da ƙaramin lensinta 18-55. Hoto sha'awa ce a wurina, ba sana'a ba. Ina so in riƙa ɗaukar yarana in suna buga ƙwallo a filin makaranta, da ranar Sallah in sarakunan Zango sun fito, da bikin Akwasidae a Manhyia, fadar sarkin Asante, da tsuntsaye a gandun dajin Owabi in na samu hali. A shagunan Adum an nuna mini lensi 75-300 da 55-250, aka ce in ɗauki na 300 don ya fi jawowa kuma ya fi araha. A intanet kuma na ga wani 420-800 wanda kuɗinsa bai ma kai nasu ba. Wanne zan saya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ka sayi 55-250, amma ka tabbata a jikinsa an rubuta EF-S 55-250mm f/4-5.6 IS STM. Haruffan nan uku na ƙarshe su ne abin dubawa, domin Canon ta yi wannan lensi sau uku: na farko a 2007, sai IS II a 2011, sai STM a 2013. Na ukun aka sake wa tsarin gilasai da injin fokas, shi ya sa ya fi yayyensa fitar da hoto raɗau a ƙarshen zum. Nauyinsa giram 375 ne, yana iya kama abu daga santimita 85, bakinsa kuma milimita 58 ne daidai da na 18-55 ɗinka, don haka murfi da filta ɗaya za su yi musu.

Maganar cewa 300 ya fi jawowa gaskiya ce, amma ka ji iyakarta. Tsakanin 250 da 300 kashi ɗaya cikin biyar ne kacal. Kyamararka megafiksel 18 ce. In ka ɗauka a 250 ka yanke gefe-gefe har ya yi daidai da abin da 300 zai nuna, kusan megafiksel 12 da rabi za su rage maka, abin da ya ishe ka buga babban hoto ka rataya a falo. Shi kuwa EF 75-300mm f/4-5.6 III, tsohon tsari ne tun 1999, ba shi da na'urar hana rawa ko kaɗan. In ka kai shi 300 hoton yakan yi laushi, kuma duk inda fari ya haɗu da duhu, kamar bakin farar jallabiya a rana ko reshen itace a gaban sararin sama, sai ka ga wani zare shunayya ya bi gefen. Milimita 50 ɗin da ya fi ɗayan da su, rawar hannu da laushin gilashi sun cinye su tun kafin ka kai gida. Wannan shi ne arahar da ba ta ado.

Bari in tsaya a kan rawar hannu, don nan ne masu sabon dogon lensi suka fi jin haushi. Lensin da ya girmama abin da ke nesa, haka yake girmama motsin hannunka. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne saurin shota, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, kada ya gaza tsawon lensin: in lensi 300 ne, 1/300 na daƙiƙa. Amma faifan da ke karɓar haske a cikin 700D ƙarami ne, sai an ninka tsawon da 1.6: 250 ya zama 400, 300 ya zama 480. Ke nan da 75-300 kana bukatar 1/500 na daƙiƙa kafin hoton abin da ke tsaye cik ya fito ba rawa. Da rana tsaka wannan ba komai ba ne. A ƙarƙashin rumfa ko bayan la'asar sakaliya, a nan ake yin ta. Na'urar da Canon ke kira IS tana motsa wani gilashi a ciki tana soke rawar, har mutum ya iya saukowa 1/100 ko 1/60 a 250 in ya manne gwiwar hannunsa da haƙarƙari. Tana kuma tsayar maka da hoton a cikin mahangi, ka ga abin da kake saitawa ba yana tsalle ba.

Sai dai ka riƙe wannan da kyau: IS rawar hannunka take gyarawa, ba ta tsayar da yaron da ke gudu. Wannan aikin shota ne kaɗai.

Yanzu ga hanyar da za ka san ko milimita nawa kake bukata, ba tare da ka dogara da bakin kowa ba. Tsayin faifan kyamararka kusan milimita 15 ne. Ka ninka nisan abin da 15, ka raba da tsawon lensin, abin da ya fito shi ne tsayin wurin da zai shiga hoton in ka riƙe kyamarar a kwance. Mutum yana mita 30, lensi yana 250: 30 sau 15 ya ba da 450, a raba da 250, mita 1.8 ke nan. Wato babban mutum zai cika hoton daga ƙafa har kai. Da 18-55 ɗinka a 55, wannan wurin mita 8 ne, shi ya sa yaronka yake fitowa kamar ƙwayar gyaɗa a tsakiyar fili.

Cikakken filin ƙwallo kamar na Baba Yara wajen mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, na makaranta kuwa galibi bai kai haka ba. In kana bakin layi, tsakiyar fili mita 34 ce daga gare ka, 250 ya wadatar. Abin da ke faruwa a ragar can nesa, ka bar shi ya wuce. Ko masu sana'a da manyan lensinsu wuri suke zaɓa su jira wasa ya zo musu. Ka tsaya kusa da kusurwar ragar da yaranka ke kai wa hari, rana a bayanka, sai su riƙa tahowa suna fuskantarka. Ka kuma lura da amfanin ɗaya ƙarshen: in wasa ya matso har mita biyar, 55 zai ɗauke yaro duka, amma 75 ya soma yanke masa ƙafa. A cikin cunkoson Sallah, inda ba ka da wurin ja da baya, milimita 20 ɗin nan na ƙasa sun fi 50 na sama amfani.

A Manhyia lissafin ya fi daɗi. Akwasidae duk mako shida ake yin ta, ranar Lahadi, kuma in ka samu wuri mita 20 daga inda sarakuna suke, 250 zai ba ka tsayin mita 1.2, wato daga ƙugu zuwa kai. Matsalar can haske ce. Fuskar mai sarauta tana cikin inuwar babbar laima, zinaren hannunsa da zanen kenten na kusa da shi suna cikin rana suna walƙiya. Kyamara takan ruɗe ta bi hasken ta bar fuskar baƙi ƙirin. Ka ƙara mata haske da maɓallin Av+/- zuwa +2/3 ko +1, ka ɗauka ka duba, in zinaren ya ƙone fari fat ka ɗan rage. In kana ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, za ka iya ɗago inuwar daga baya. Kuma dogon lensi ba ya ɗauke wa mutum ladabi: ka tambayi masu kula da wurin inda aka yarda a tsaya da abin da aka yarda a ɗauka, haka ma a filin Idi, musamman ɓangaren mata.

Lambobin f/4-5.6 da ke jikin lensin faɗin ƙofar haske suke nunawa: f/4 a 55, tana tsukewa har f/5.6 a 250. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Daga f/2.8 zuwa f/4 haske ya ragu da rabi, daga f/4 zuwa f/5.6 ya sake raguwa da rabi. Ga yadda abin yake a fili. Yara masu gudu suna son 1/1000. Da rana tarwai, f/5.6 da ISO 100 zuwa 200 sun isa (ISO shi ne ƙarfin jin haske na kyamara, ana ƙara shi in haske ya ragu). In hadari ya rufe sama, kamar yadda yake yi mana a watan Yuni da Yuli, ISO zai hau 800 zuwa 1600. In rana ta kusa faɗuwa zai nemi 3200, kuma a nan 700D take soma zuba yashi-yashi a hoton. Kumasi kusa take da tsakiyar duniya, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuma ba ya jira. Wasan da aka fara ƙarfe huɗu, rabinsa na farko ne naka. Ka kwashi abin da za ka kwasa kafin biyar da kwata, daga nan ka sauko 1/500 ka riƙa jiran lokacin da yaro ya ɗan tsaya da ƙwallo.

Saitin da zan ba ka na ƙwallo da hawan doki: juya dayal zuwa Tv, inda kai kake zaɓar shota, ka sa ta 1/1000, ISO a kan AUTO ka sa masa iyaka 3200, fokas AI Servo mai bin abin da ke motsi, ka zaɓi ɗigon fokas na tsakiya kaɗai, ka kunna ɗauka a jere, kyamarar tana yin 5 a daƙiƙa. Ka ɗora ɗigon a ƙirjin yaron, ka danna maɓalli rabi ka bi shi daƙiƙa guda kafin ka ƙarasa dannawa. Yawancin hotunan da ake zargin lensi da ɓatawa, kyamarar aka bar wa zaɓin ɗigo, ta je ta kama katangar baya ko 'yan kallo. In abin ba ya motsi kuma akwai haske, ka tsuke ƙofa zuwa f/8, nan ne irin wannan lensi ya fi kaifi.

Wata kyauta da za ka samu ba ka tambaya ba ita ce hoton fuska. Ka sa mutum mita biyar daga gare ka, ka kai zum 200, ka juya kyamarar a tsaye, ka tabbata bango ko itatuwan bayansa sun yi nisa da shi. Kai da kafaɗa za su cika hoton, bayan ya narke, hanci da kunne su zauna daidai ba kamar yadda waya ke kumbura su ba.

In kuɗinka sun fi haka, akwai biyu da suka cancanci dubawa. EF 70-300mm f/4-5.6 IS II USM na 2016, giram 710, fokas ɗinsa yana da sauri ƙwarai, kuma yana hawa manyan kyamarori irin 6D da 5D, waɗanda lensin EF-S irin 55-250 ba ya shiga bakinsu sam. Sai EF 70-200mm f/4L, farin nan marar IS, giram 705, wanda ƙofarsa ke zama f/4 daga farko har ƙarshe: haske ninki biyu na 55-250 a ƙarshen zum. Ga wanda ƙwallo ce kaɗai damuwarsa wannan zaɓi ne mai kyau, tunda a 1/1000 ba a bukatar IS. Amma ga mai shiga rumfa da inuwa kamar kai, rashin IS zai dame ka. Shi kuwa 70-200 f/2.8 da kake gani a hannun masu ɗaukar biki, kusan kilo ɗaya da rabi ne, kuɗinsa ya ninka na kyamararka, kuma lensin da ya yi wa mutum nauyi a gida yake kwana.

Tsuntsaye kuma maganarsu daban ce, gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu. Tsuntsu mai tsawon santimita 20 a nisan mita 20, da 250 kashi ɗaya cikin shida na tsayin hoton zai cika. Zalɓe da balbela a bakin ruwa, ko shirwa da ta sauko ƙasa-ƙasa, waɗannan za ka same su. Ƙananan da ke can saman itace ba za ka same su ba, da 250 ko da 300. Masu bin tsuntsu daga 400 suke farawa: Sigma da Tamron suna da 100-400 mai kilo ɗaya da 'yar ɗoriya, da 150-600 mai kusan kilo biyu. Dukkansu f/6.3 suke ƙarewa, Owabi kuwa kurmi ne, ƙarƙashin itatuwansa ko da hantsi da duhu-duhu, sai ISO ya yi sama fokas ya riƙa kai-kawo. Shawarata ka yi wata shida da 55-250 tukuna. In ka duba hotunanka ka ga kullum a 250 kake kuma kullum sai ka yanke fiye da rabi, to ka san tsuntsu ya kama ka da gaske, sai a fara tarin 150-600 da sanda mai ƙafa ɗaya da za ta ɗauke maka nauyinsa. Kafin nan, zuwa da sassafe, tufafi marasa haske da zama shiru wuri ɗaya za su matso maka da tsuntsu fiye da ƙarin milimita ɗari. In kuma Allah ya kai ka gandun dajin Mole da rani, giwa ba ta bukatar fiye da abin da ke hannunka.

Na 420-800 kada ka taɓa shi. Bututu ne da gilasai kaɗan, ba fokas na kansa, ba IS, ba ya magana da kyamara, ƙofarsa f/8.3 ce a 420 ta koma f/16 a 800. A f/16 hasken da ke shiga kashi ɗaya cikin takwas ne na f/5.6, mahangi ya yi duhu, kai kuma kana murɗa fokas da hannu a kan abin da ke motsi. Wata yakan ɗauku da shi a kan ƙafa uku, iyakarsa ke nan. Haka nan gilashin ƙari da ake sa wa tsakanin lensi da kyamara: mai 1.4 yana cinye rabin haske, mai 2 yana cinye kashi uku cikin huɗu, na Canon ma ba ya hawa 55-250.

Akwai kuma iyakar da ba kuɗi ke kawar da ita ba, wato iska. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana tsakaninka da duk abin da ya wuce mita ɗari, hoto ya fito fari-fari ba armashi. Da tsakar rana kuma zafin da ke tashi daga kwalta da kwanon rufi yana sa hoto kawalwalniya, layuka su karkace. In ka ga haka kada ka zargi lensi, ka matsa kusa ko ka dawo da safe.

Ga 'yan'uwa masu Nikon da za su karanta, takwaransa shi ne AF-P DX 70-300mm f/4.5-6.3G ED VR. Ku duba VR a jiki, wato na'urar hana rawa ta Nikon, don akwai tagwayensa marar VR. Kuma AF-P ba ya aiki a kan D3100, D3200, D5100, D7000 da D90. Masu waɗannan su nemi AF-S 55-200 VR ko AF-S 55-300 VR. Tsohon AF 70-300 G mai araha kuwa ba shi da injin fokas a cikinsa, a kan jerin D3000 da D5000 da hannu za a riƙa murɗa shi.

Tunda mai yiwuwa na hannu za ka saya, ka tafi da kyamararka, batir cike, da kati, kuma kada ka tura kuɗi ta waya kan abin da ba ka riƙe ba. Ka cire murfi biyu, ka haska tocilar waya ta baya, ka leƙa ta gaba a ɗan karkace, kana murɗa zum. 'Yar ƙura ɗigo-ɗigo ba komai, kowane zum yana da ita kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne farin zare mai rassa kamar saƙar gizo, galibi daga gefe yake farawa: fumfuna ce, tana cin rufin gilashi, kuma kuɗin buɗewa a wanke kan irin wannan lensi ba ya biyan kansa. Hazo mai kama da tururi a cikin gilashi shi ma ka bar musu. Ka duba zoben filta ko ya lotsa, alamar ya taɓa faɗuwa. Bakin 55-250 na baya roba ne, ka duba haƙoransa uku ko ɗaya ya tsage, da 'yan ƙarafan zinare ko sun yi tsatsa.

Sannan ka ɗaura shi. Ka yi fokas kusa, ka yi nesa, a 55 da 135 da 250, sau da yawa. In Err 01 ya fito, kyamara da lensi ba sa jin juna ke nan. Ka goge ƙarafan da busasshen ƙyalle ka sake, in ya dawo ko sau ɗaya, musamman a wani wuri ɗaya na zum, wayar ciki ce ta soma karyewa, ka ajiye. Ka ɗauki hoto a f/5.6 da f/16 don ka ga ƙofar tana tsukewa. Ka kai 250, ka danna rabi, ka ga ko hoton ya tsaya a mahangi, ka kashe IS ka ga bambanci. Sai ka fuskanci katangar bulo ko allon shago sosai, ka ɗauka a f/5.6 da 1/1000, ka girmama kusurwa huɗu a allon kyamara: in gefe ɗaya ya fi ɗaya dishi-dishi ƙwarai, gilashi ya goce. Abu ɗaya kada ya tsorata ka: zoben fokas na STM da lantarki yake aiki, in kyamara a kashe take ko lensin yana hannunka, murɗa shi ba ya motsa komai, lafiyarsa ƙalau.

Daga cikin kuɗin ka ware na abu biyu. Na farko malafar lensi, lambarta ET-63, tana tare hasken gefe da ke wanke hoto, tana kuma karɓar bugu a cunkoso maimakon gilashi. Na biyu wurin ajiya, domin laimar Kumasi ta fi faɗuwa kashe lensi. Damina biyu muke yi, kuma jakar kyamara a cikin kabad, ga duhu ga danshi ga rashin iska, ita ce gonar fumfuna. Ka samu robar abinci mai murfi da ke rufewa gam, ka zuba silika mai canza launi, ka sa ƙaramin ma'aunin danshi a ciki, ka riƙe shi tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari. Silika mai ruwan lemo kore take komawa in ta ƙoshi, shuɗiya kuma ta koma ruwan hoda. Sai a gasa ta a oben a zafi wajen digiri 110 zuwa 120 na awa ɗaya ko biyu, ta huce a rufe, a mayar. 'Yan ƙullin da ke zuwa a kwalin takalmi sun riga sun sha ruwa, ba za su yi ba sai an gasa su.

In ka fito daga mota ko ɗaki mai na'urar sanyi, ka bar kyamarar a cikin jaka a rufe minti 20 zuwa 30 kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a gilashi ciki da waje. In yayyafi ya taɓa shi, ka goge bututun yana a miƙe kafin ka mayar da zum ciki, don 55-250 ba shi da robar hana ruwa. Da hunturu kuma kada ka fara da ƙyalle: ƙurar nan yashi ce mai laushi, ka hure ta da robar hura iska tukuna, ka share da buroshi mai taushi, sannan ka goga daga tsakiya zuwa gefe. Canjin lensi a yi shi a cikin mota ko a ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa.